Yatsan Ƙanena

Rana ta biyar a Galle,
filin kurket ya tsage kamar faso,
teku na dukan gindin ganuwa,
ni ina bisa da gyaɗar da na manta ban sayar ba.

Nuwantha ba ya gudu.
Taku biyar, kamar mai zuwa aron gishiri,
sai ya murza jar ƙwallo
da yatsan da na ɗaure masa da asuba.

Ta nufi hagu, ta taɓa ƙasa, ta karya alkawari.
Baƙo mai gora ya tare iska,
sanduna suka watse a bayansa.
Ɗaya.

Kafin inuwa ta miƙe sun zama bakwai,
kowanne ya fita yana waiwaye
kamar wanda aka yi wa yankan aljihu.
Na takwas alƙali ya hana.
Har yau ban yafe masa ba.

Jarida ta buga lissafi.
Ba ta buga lemon tsamin
da yake murzawa tun yana ƙarami
a bayan shagon babanmu ba,
balle jinin da na wanke a daren,
yana dariya, yana tambaya
ko an rage masa shinkafa da kifi.