Ni Hannu, Shi Kunne

A Atbara, bayan layin dogo,
gidanmu na da rumfa biyu:
ɗaya ta awaki, ɗaya ta Koriya.
Haka muke kiranta har yau,
ko da yake fentin ya koɗe
ya koma launin garin kuka.

Emji ce, ƙirar Ingila, kujera biyu,
rufinta tanti mai faci bakwai.
Baba Haladu ya saye ta wurin wani ɗan Girka
mai kanti a bakin tasha,
da kuɗin sallamar shekara talatin
na kwanciya ƙarƙashin jiragen ƙasa.
Inna ta yi wata guda
ba ta ce masa ci kanka ba.

Yanzu yana ta rufe idon Baba.
Ni ce hannu, shi ne kunne.

Ran Juma'a bayan La'asar
nakan zare zobe, in ci ɗamara da gyale,
in shimfiɗa buhu, in shige ƙarƙashinta.
Na miƙa masa sufana ya taɓa,
ya shafa bakinta, ya ja tsaki:
"Zulai, wannan ta milimita ce.
Baturiyar nan inci take ji,
yi mata magana da yarenta."

Baƙin mai na ɗiga a tsohon kwanon wake,
ɗis,
ɗis.
Na ce zan toshe. Ya yi dariya:
"Ranar da ta daina ɗiga, 'yata,
duba da kyau, man ne ya ƙare."

An ƙera ta don ƙasar yayyafi,
ga ta a garin da ƙarfe ke gasa tafi tun hantsi.
Lagireto na tafasa kamar tukunyar gahawa,
mu sauke shi, mu wanke cikinsa,
tsatsa ta fito ja, ta bi kwata.
Gaskit kuwa har Umdurman an cigita, babu.
Kwalin shayi na ɗora a bakin ƙarfen,
na bi gefe da 'yar guduma,
yana ƙirga bugun daga kujerarsa.

Kada a tambaye ni wayoyinta.
Ɓera ya ci rabonsa, shekaru sun ci nasu.
Akwai makon da in ka taka birki
sai hon ya gaishe da unguwa.

Aiki mai wuya kafireta ne,
biyu ne, tagwaye masu gardama,
ɗaya na zarin iska, ɗaya na rowa.
Nan Baba ke tashi da kansa,
ya lalubo bonet, ya duƙa,
guntun tiyo a kunne,
ɗaya bakin a maƙogwaron inji.
"Juya. Kin zarce.
Dawo, kamar faɗin ƙwayar gero.
Kaɗan.
Tsaya."
Sai ya yi shiru, fuskarsa ta saki,
numfashi biyu ya zama ɗaya.

Da yamma muka fito da ita,
ni a sitiyari, shi a gefena,
hularsa a cinya don kada iska ta sace.
Yara na bin mu da ihu har gada,
inda Atbara ke zuba ruwanta a Nilu.
Ba ƙis, ba ƙas. Lafiya lau take tafiya.
Na dube shi: hannuwansa a kwance,
kamar ma'aikacin da aka sallama sau biyu.

Daren nan na fita da fitila,
na sassauta noti ɗaya a salansa.

Da safe ko ƙofar gida ba mu wuce ba
ya ɗaga yatsa: "Salansa, noti na baya."
Na ce, "Kai, Baba, kunnenka!"
Ya ce, "Na ji fitarki jiya,
takalminki na hagu yana kuka.
Juma'a mai zuwa
ki nemo min mai wuya."