Dutse Ba Rawani

Arba'in ɗin sanyi ta kusa cika,
dutsen Gulmarg ko farar hula bai sa ba.
Mushtak ya shafe amalanken ƙanƙara da mai,
ya jingine shi. Baƙi sun fasa zuwa.

Zuna ta manta inda ta aje kaskon wuta.
A bayan gida itacen almon ya yi fure,
ya riga malam masallaci.
"Ɗumin nan bashi ne," in ji ta,
"ƙanƙarar yau ce ruwan shinkafar gobe."

Rediyo ya ce wataƙila Talata.
Haka ya ce makon jiya.

Da asuba Mushtak ya tura taga,
ya miƙa tafin hannu sama:
ɗigo biyu,
ruwa ne,
ko sanyi babu.