Waƙa ta Tara

Ta farkon ta fita ne a watan Nuwamba,
ana ruwa a Birmingham kamar da bakin ƙwarya.
Gidan rediyo ɗaya ne ya sa ta,
ƙarfe biyun dare, lokacin da masu gadi
da ma'aikatan asibiti kaɗai ke farke.
Ni ma idona biyu. Na kashe injin bas ɗina
a ƙarshen layi, na saurari ƙanena
yana jero kalmomi kamar mai ƙirga bashi.
Muryar da na sani tana roƙon kuɗin alewa,
ga ta nan ta yi kauri, ta yi gemu.

Ta biyu ita ta tashi gari.
'Yan makaranta a saman benen bas
suna dukan kujeru, suna cinye rabin baiti,
ba wanda ya san matar da ke riƙe da sitiyari
ita ta koya wa mai waƙar ɗaure takalmi.
Na taka birki a Handsworth da ɗan ƙarfi
ko za su yi shiru. Ina!

Ta uku ban so ta ba.
Sarƙa a wuya, motar haya mai ƙyalli,
Tyrell a gaban dogon benen da muka tashi
yana nuna tagarmu ta hawa na sha ɗaya
kamar ganimar yaƙi.
Na buga masa waya: Wannan sarƙar ta wa?
Ya ce, Ta kamfani ce, Yvonne, gobe zan mayar.
Muka yi ta dariya har na manta faɗan.

Sai kundin ya fito, ranar Juma'a.
Waƙa goma sha huɗu. Wata goma sha takwas
a wani situdiyo ƙarƙashin shagon wanki,
inda sai injinan sama sun gama juyi
kafin a kunna makirufo.
Jaridu suka raba masa taurari, huɗu nan, uku can.
Wani ya rubuta wai tsakiyar ta yi sanyi,
wai da an zubar da ta tara, da an huta.
Haka mutanen kamfani suka ce tun farko:
ba ta da amshi, ba mai taka rawa da ita,
wa zai sa wannan a rediyo?

Na bari sai da na tashi aiki.
Gareji, fitilu rabi a kashe,
ba kowa a motar sai lemar da wani ya manta.

Ta tara ba ta fara da kiɗa ba.
Ƙarar butar shayi. Tari.
Sannan Baba, Cleveland Bramwell,
shekara talatin a masana'antar narka ƙarfe,
shekara uku a ƙarƙashin ƙasa,
yana magana da na'urar ajiye saƙo
kamar mai jin kunyarta:
Ni ne. Ba wani abu ba ne.
Akwai shinkafa da wake a tukunya.
In ka dawo da dare ka ɗan ɗaga ƙofar,
tana kuka, kada ka tashi yayarka.

Tyrell bai shigo ba sai da minti ya cika,
kuma da ya shigo, a hankali ne,
irin shigowar wanda ya ɗaga ƙofa.

Na san wayar nan. Mai fasasshen gilashi.
Ni na sa ta a kwandon shara
ranar da muka kwashe kayan gidan,
na ce masa kada mu tara tarkace.

Ba a yi mata bidiyo ba.
Yaran saman bene ba za su taɓa rera ta ba,
gara ma haka.
Mai sharar gareji ya ƙwanƙwasa gilashi,
ya nuna mini agogonsa.
Na ɗaga masa yatsa ɗaya,
na mayar da ita farko.