Farashin Rana

Eusebio ya jinginar da gonar zaitun ta gado,
ya shuka gilasai a fako, layi goma sha biyu.
Takarda ta ce: shekara ashirin da biyar,
kowane kilowat da farashinsa, ga hatimi a ƙasa.

Remedios ta ce, "Alkawarin gwamnati ɗiban ruwa ne da kwando."
Ya ce, "Da rana na ƙulla, ba da minista ba."

Shekara uku mita na juyawa,
banki na karɓar nasa, ana cin nama ranar Lahadi.

Sai Madrid ta sake lissafi.
Baitulmali ya rame, in ji rediyo.
Aka datse farashi da wata doka mai tafiya da baya
har ta tattake jiya.
Manyan kamfanoni suka ɗauki lauyoyi,
Eusebio ya ɗauki tsumma.

Kowace asuba yana goge kashin tsuntsu,
wasiƙar banki a aljihu, ta yi laushi don yawan buɗewa.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
amma nasa an ƙara masa tsawo.

Rana ba ta karanta sanarwar ba.
Ta fito bakwai da kwata,
ta biya nata kason cif,
ta ƙone masa ƙeya.

Remedios ta kawo gahawa, ba ta ce "na faɗa maka" ba.
Tana kallon tumakin maƙwabci
kwance a inuwar gilasan,
wadda har yau ba wanda ya yanka wa farashi.