Kuɗi a Hanya

Ranar Alhamis, la'asar sakaliya,
Labbo ya sauke albasa a kasuwar Kara,
buhu goma sha huɗu daga fadamar Goronyo,
ja, busasshiya, ɓawonta na ƙara.
Muka gama ciniki a tsaye, ba gardama,
na zaro waya.

Na danna lambobinsa ɗaya bayan ɗaya,
suna ya fito, na ce, "Kai ne wannan?"
Ya ce, "Ni ne dai, ɗan Magawata."
Na tura. Zoben nan ya yi ta kewaya
kamar akuyar da aka ɗaure a turke,
can banki ya ce an cire,
har ladan aiken ma na biya.

Labbo ya zauna bisa buhu na bakwai.
'Yar wayarsa, mai ɗaurin roba a ƙugu,
ya tallafe ta a tafin hannu
kamar ɗan tsako marar lafiya.
Ko tari ba ta yi ba.

"Wanga abu," in ji shi, "ina shi ka kwana?
Ya baro gidanka, bai iso nau ba.
Ko akwai zango tsakanin waya da waya?"

Na kira banki, suka sa mini kiɗa.
Sai da katina ya ƙone rabi
wata murya mai sanyi ta ce, "Alhaji,
awa ashirin da huɗu,
ko kwana uku na aiki,
ban da Asabar, ban da Lahadi."
Na ce albasa ba ta san ranar hutu ba,
in ba ta tsira ba, ruɓewa take a ajiya.
Ta ce in ƙara haƙuri.
Haƙurin nan kaɗai ke isowa nan take
duk faɗin duniya.

Kakana, da yana fataucin kirgi,
a tsumma yake ƙulle kuɗin Kano
ya miƙa wa direban gingimari.
Kwana biyu sun isa, da gaisuwa a kai,
goro ya biyo motar dawowa.
In sun makara, ka san gadar da ta karye,
ka san sunan mutumin, ka san ƙofar gidansu.
Yau wa zan kama? Wa zan tambaya?

Aka kira magariba.
Yaron motar Goronyo na ihun saura mutum ɗaya.
Shekara goma sha tara muna ciniki,
yau ce farkon ranar da idona
ya kasa zama cikin nasa.
Na sake nuna masa rasit, kore shar.
Ya ce, "Na gani. Kore bai sayen taki."
Babu wanda ya yi dariya.

Sai ya miƙe, ya kakkaɓe riga.
"Kwashe su. Ubanka bai taɓa gwada mani takarda ba,
bakinai ne shaida."
Na cusa masa kuɗin mota da na shayi,
ya tafi da aljihu mara nauyi,
ya bar mini dutse a zuciya.

Juma'a, shiru.
Asabar wayar ta motsa, na zabura daga tabarma:
talla ce, wai in zo in ci bashi.
Lahadi na daina kallonta, ƙarya nake,
ina satar kallo ta baya.

Litinin da hantsi ta yi kuka.
Kuɗina ne suka dawo gida,
kamar yaron da aka aika cefane
ya tsaya kallon ƙwallo,
ya komo hannu rabbana,
ladan ma ya kashe a hanya.

Na bi layi a banki har gumi ya jiƙa hula,
na ƙirga da yawu a yatsa,
na naɗe a baƙar leda, na ɗaure tamau,
na damƙa wa Sahabi direba.
Ba a yi azahar ba Labbo ya kira:
"Sun iso, har da ɗumin inji a jikinsu.
Amma hwaɗa mani tsakani da Allah,
kwana huɗun ga da ba su wurinka, ba su wurina,
wa ya yi jari da su,
ya bar mu muna zargin gaskiya?"