Wayar da Ba Ta da Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin laimar nan
a bakin tashar Jega,
ni da ƙarfen dalma da tsohon buroshin haƙori.
Wadda ta faɗa rijiya na tashe ta.
Wadda jaki ya taka, wadda ta kwana a kwanon miya,
duk sun bar hannuna suna magana.

Ran Laraba sai ga Arzika mai albasa daga Aliero,
ya zaro wani abu daga cikin safa
kamar mai fito da ƙwan zabo.
"Kulu ta aiko. Daga Japan.
Can take karatun shinkafa."
Masu shayi suka kwashe da dariya:
a bar Kabi a tafi neman ilimin shinkafa!

Sabuwa ce dal, ledarta ma ba a ɓare ba.
Baƙa, sumul, ba ta kai kaurin ƙuli ba.
Na ɗauki allurata.
Na bi gefen dama. Na bi gefen hagu.
Na juya ta, na kai ta hasken rana, na cire tabarau, na mayar.
Ba rami.
Gida an gina shi har da ado,
magini ya tafi da ƙofar.

Gumi ya karyo mini.
Yarona Modi ne ya ga takarda a gindin kwali,
rubutun Kulu, ƙanana kamar sahun tururuwa:
"Baba, kada a tsokane ta da ƙarfe.
Layinta ba a riƙe shi a hannu.
A nan ina kwance na sauya kamfani,
uku suna zawarcina, na zaɓi mai rangwame,
ban taka shagon kowa ba."

Arzika ya yi shiru, ya sosa gemu.
"To in sabis ya ɗauke,
mi zan ciro in goge da bakin riga?"

Ban da amsa.
Don in ɓoye kunya na ɗauki hotonsa.
Ƙyas!
Na rage murya, na sake. Ƙyas!
Na kashe duk abin da ake kashewa. Ƙyas!
Ya ce, "Bar ta, Jabbi, mai tarbiyya ce.
Ba ta shiga fuskar mutum sai ta yi sallama."

Na rufe rumfa tun kafin azahar.
Muka hau mota zuwa Birnin Kabi,
shi da warin albasarsa, ni da girmana a aljihu.
A ofishin kamfani wata yarinya da ba ta kai Kulu ba
ta nuna wa wayar wani zane
mai ɗigo-ɗigo kamar saƙar faifai.
Shi ke nan.
Ba dalma, ba allura, ba bismillar da nake yi kafin in buɗe murfi.
Sanduna huɗu suka miƙe a saman gilashi.

Ya kira da la'asar sakaliya.
Can dare ya raba.
Fuskarta ta fito a kumbure da barci,
bayanta ɗaki ne da bai fi akurki ba,
da tukunyar lantarki, da hoton gonarsu ta fadama.
Duk tambayoyin da ya tara a hanya suka zube.
Ya ce, "Kin ci abinci?"
Ta ce, "Baba, kana riƙe da ni a kife."

A hanyar dawowa, kafin Jega,
sandunan suka riƙa faɗuwa ɗaya-ɗaya
har ba saura.
Na gan shi a ɓoye
yana goge bayanta da bakin riga.

Allurar tana nan a kan tebur.
Ban jefar ba.
Modi na sakace haƙori da ita.