Milimita Goma Sha Ɗaya

Kwana arba'in da binne ka, ruwan fari ya sauka a Tawa.
Kowa ya fito da bokiti,
ni na fito da littafinka.

Gwangwanin awo yana nan inda ka kafa shi,
bisa sandar ƙarfe, nesa da bedi,
don ka ce itace ɓarawon ruwa ne.
Na tsoma sandar kamar yadda na ga kana yi.
Goma sha ɗaya.
Sai hannuna ya ƙi rubutu a ƙarƙashin rubutunka.

Asumana Nomau, injiniyan ruwa,
iyakar abin da takardar ma'aikata ta sani ke nan.
Ba ta san yadda kake durƙusawa kan dutsen Adar
kana lallashinsa kamar surukin da ya yi fushi
har ya saki abin da ya ɓoye ba.
Matan Kalfu sun zo gaisuwa da tsakin gero a ƙwarya,
ɗaya ta ce, tun da ka huda musu ƙasa
igiya ta daina cin tafin hannunta.
Ta buɗe hannun ta nuna mana.

Daga kowace rijiya kakan dawo da tsaraba,
ba kilishi ba, ba dabino ba: duwatsu,
cikin gwangwanayen madara, kowanne da zurfinsa a rubuce.
Ran da ka samo haƙorin kifi a mita saba'in
ka tara mu ka ce, nan da teku ne.
Inna ta ce, to ina kifin, mu sa a miya?
Ka yi dariya har tabarau ya faɗi cikin tuwo.

Tantabarunka ashirin da uku, kowace da suna.
Lemon bayan ɗaki da ka yi wa aure sau uku
yana haifar tsami a gabas, zaƙi a yamma,
reshe na ukun har yau bai yanke shawara ba.
Matattun rediyoyin unguwa duk nan ake kawo su,
ka tashe su, ka ƙi karɓar ko dala,
amma sai mai rediyo ya saurari yadda aka yi ta mutu,
tun daga la'asar har kiran magariba.

Ka haɗa madubin hangen sama da bututun famfo.
Daren da na fara leƙawa na ja da baya,
ka ce, kada ki ji tsoro, wata ma ya yi agana.

Da ka kai sittin ka sayi gurmi.
Allah Ya gafarta maka, Baba, ba ka iya ba.
Arzika mai walda, wanda ya shekara talatin yana cinye ka a dara,
ya ce gara ƙarar injinsa.
Jiya ya zo, ya zauna gaban gurabun,
ya jera ƴaƴansa, ya jera naka,
ya daɗe, ya tashi bai ce komi ba.

Ban manta ba kuma:
sau biyu ka bar ni ƙofar lakwal har dare
saboda famfon wani ya lalace a Wadata.
Namu kuwa shekara tara yana ɗiga.
Gobe, kake cewa, ai ƙaramin aiki ne.

Ga roba sabuwa a aljihun rigarka ta aiki,
da ƙusa biyu, da ƙwallon dabino,
da takardar da ka soma zana wani abu mai fukafuki
wanda ba mu gane ko injin ba ne ko tsuntsu.

Na dai rubuta, daga baya.
Lambobina sun karkace, naka a miƙe suke kamar sojoji.
Tantabaru sun sauko suna sha a ƙarƙashin famfon,
inda ɗigon ya yi musu ɗan gurbi a siminti.
Inna ta ce a kira mai gyara.
Na ce gobe.